Masana'antu: Me ya sa ake kashe na'urar kashe gobara?

Duk sanda masana'anta ta ƙone, kalma ɗaya ake ji: matsalar wutar lantarki ce. Daga nan sai a ja bakin zance, kamar lantarki ƙaddara ce da ba a iya komai a kanta. Alhali yawancin irin wannan gobara tana daɗewa tana ba da sanarwa kafin ta tashi.

A duba akwatin rarraba wuta a ɗakin injuna. Noti guda da ke riƙe da kebul ya ɗan saki saboda girgizar inji. Wutar da ke bi ta wurin ba ta wuce kima ba, don haka na'urar katse wuta ba za ta faɗi ba, ita aikinta sai nauyi ya yi yawa ko wayoyi sun haɗu. Amma mahaɗar tana zafi, robar kebul tana yin baƙi, tana bushewa, ga ƙura da burbushin zare sun taru a kai. Makonni ana haka. Kyamarar gano zafi za ta nuna wurin cikin minti ɗaya, in akwai wanda aka ɗora wa aikin zagayawa da ita.

In aka rasa wannan matakin, saura na'urar da ke fesa ruwa ta kashe gobara da kanta. A nan ne nake ganin kuskure mafi tsada. Masu masana'antu da yawa sun fi tsoron ruwa fiye da wuta. Suna zaton da hayaƙi ya ɗan tashi, duk bututun da ke rufi za su buɗe su jiƙa injuna. Ba haka abin yake ba. Kowane kan feshi yana da ƙaramar kwalba mai ruwa a ciki. Wadda ruwan cikinta ja ne tana fashewa ne a zafin digiri 68 na ma'aunin Celsius, kuma wadda wutar ta kai gare ta ce kawai ke buɗewa. Fasahar ma ba sabuwa ba ce: tun 1874 Henry Parmelee ya ƙera irinta don kare masana'antarsa ta fiyano a Amurka. Ƙungiyar NFPA mai bin diddigin gobara ta sha nuna cewa idan waɗannan na'urori suka kasa aiki, babban dalili shi ne wani ya rufe bawul ɗin ruwan.

Tsoron nasu dai yana da tushe a wuri guda. Ɗakin taransfoma, ɗakin batura da ɗakin kwamfutoci suna buƙatar tsari na daban, shi ya sa ake amfani da iskar gas. A da wani gas mai suna halon ake sawa, har yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga daina ƙera shi saboda illarsa ga sararin samaniya. Yanzu akwai gas mai suna FM-200, da gaurayen naitirojin da argon masu rage iskar shaƙa har wuta ta mutu. Sai kabon dayoksaid, wanda ke kashe wuta sosai, yana kuma kashe mutumin da bai fita ba. Dole a haɗa shi da jiniya da ɗan jinkiri kafin ya fesa. Gas kuma sai ɗaki ya riƙe shi kamar minti 10. Ramin da mai gyara ya huda a bango ya wuce da kebul bai toshe ba ya isa ya ɓata duka kuɗin da aka kashe.

Kuma in ba a katse wutar lantarki ba, aikin banza ne: tartsatsin da ya kunna gobarar zai sake kunna ta. A watan Maris na 2021, ginin adana bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa ya ƙone ƙurmus. Binciken hukuma ya nuna wutar ta faro ne daga ɗakunan lantarki, ginin ba shi da na'urar kashe gobara mai aiki da kanta, sannan katse wutar lantarki ya ɗauki lokaci mai tsawo.

Ra'ayina, kamfanonin inshora da jami'an duba masana'antu su daina gamsuwa da takardar shaidar an girka na'ura. Su shiga ciki, su ga bawul a buɗe da kwaɗo a kansa, su ga allon sarrafa na'urar gas ba a mayar da shi sai an kunna da hannu ba, su nemi rahoton kyamarar zafi na ƙarshe, su sa a gwada a gabansu cewa ƙararrawa na katse wutar ɗakin da kanta.