Ana ƙirga faɗuwa, ba a tambayar zuciya

Idan mai farfaɗiya ya shiga wurin likita, tambayar kusan ɗaya ce: "Sau nawa ta tashi tun zuwanka na baya?" Ya ce ba ta tashi ba, sai a sabunta masa takardar magani, a ce ya dawo bayan wata uku. A ganina rabin ciwon kawai aka duba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Amma cikin kowane mutum huɗu masu ita, kusan ɗaya na fama da ciwon damuwa mai tsanani. A waɗanda magani bai tsayar musu da faɗuwar ba, bincike ya nuna damuwar ta fi yawan faɗuwar ɓata musu rayuwa. Ba mamaki. Faɗuwar minti biyu ce, fargabar kuwa kullum ce, a kasuwa, a bakin murhu, a sahun salla.

Wani zai ce ai wanda aka ware masa kwano don tsoron yawunsa, aka cire shi daga makaranta, aka fasa aurensa, dole ya yi baƙin ciki. Gaskiya ne, kuma yawun ba ya sa wa kowa komai. Sai dai abin ya wuce tsangwama. Sassan ƙwaƙwalwar da farfaɗiya ke yawan tasowa daga cikinsu suna da hannu wajen daidaita yanayin zuciya, shi ya sa wasu damuwar ke riga faɗuwar farko zuwa. Magungunan farfaɗiyar ma ba su fita ba: phenobarbitone, wanda talaka ke saye don araha, yana iya jawo damuwa, levetiracetam kuma yana sa wasu saurin fushi. Gida sai a ce "halinsa ya canza", ko a ɗora wa aljanu.

Na san layin asibiti dogo ne, likitocin ƙwaƙwalwa kuma 'yan kaɗan. Amma akwai gwajin gano damuwa mai tambayoyi 6 da aka tsara musamman don masu farfaɗiya, wanda nas za ta iya yi kafin a kira mutum ciki. Akwai kuma magungunan damuwa irin su sertraline da likitoci ke ba su lafiya lau. Wanda damuwa ta kwantar shi ne ke fara tsallake shan ƙwayar farfaɗiyarsa, daga nan faɗuwar da likita ke ƙirgawa ta dawo.