Ranar da Babbar Riga Ta Karɓe Tuƙi

Tun ina yaro shan inna ya riƙe min ƙafafu, shi ya sa duk wanda ya san ni tsakanin Jahun da kasuwar Wunti a garin Bauchi, da keken nan mai taya uku ya san ni, wanda ake murzawa da hannu. Shi ya gina min damatsan da har yau 'yan dako ke gaishe ni da ladabi. Sai bara ɗan yayata da ke aiki a Abuja ya aiko min da kujera mai batir, ba sabuwa ba ce amma da sauran ƙarfinta, ya ce, "Kawu, ka huta haka nan."

Batura biyu ne a ƙarƙashinta, kowanne bolt 12, an haɗa su sun ba da 24. Kowace tayar baya da motonta. A hannun dama akwai wata 'yar sanda da ba ta fi babban yatsa ba, duk inda ka tura ta can kujera za ta nufa, kana sakinta birki ya kama da kansa har ka ji ƙas. Ƙarshen gudunta wajen kilomita 6 ne a awa, wato saurin mutumin da ya ji an ta da iƙama yana bakin layi.

Da kujerar aka haɗo dokoki. Yaron ya yi su cikin saƙon murya ta WhatsApp, amma wayar uwargida ya tura wa, don ya san kawunsa. Ita kuwa ta haddace su tsaf, kullum a bakin ƙofa sai ta biya min: "Malam, ka ɗaura bel. In ka tsaya ka kashe. Kada ruwa ya taɓa sandar nan. Ƙarafan nan masu jan kai na jikin moto, kada ka bar kowa ya taɓa su a kan gangara." Ni da na shekara da shekaru ina ratsa 'yan acaba a shataletalen Wunti da ƙarfin hannuna, yau ake yi wa karatun tuƙi a tsakar gida.

Caji ma wani babi ne. Irin wannan batir yana son a bar shi ya sha wuta dare guda, awa 8 ko fiye, kuma ba ya son a tatse shi ƙarƙaf kafin a jona, in ana yi masa haka ba ya ƙarko. To mu da wuta kan zo mana a tsakar dare ta koma kafin asuba, dole wani lokaci sai an dangana da mai cajin waya na bakin layi. Ranar farko ya zagaya kujerar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce kuɗin waya ashirin zan biya. Na ce waya biyu dai, tunda batir biyu ne. Muka daidaita a goma, da sharaɗin ba zai ɗora wa kujerata tiren wayoyinsa ba. In caja na jikinta kuwa ko karya sandar za ka yi ba ta motsi, wai don kada ka manta ka tafi da soket ɗin mutane.

To, ranar wata Asabar aka ɗaura auren 'yar wani amini na. Na ciro babbar rigata ta shadda, wadda ta sha bugu da sitaci, telan ya zuba mata aiki a ƙirji ya kuma sake mata hannu kamar ba shi ya sayi yadin ba, da ma ba shi ya saya ba. Na naɗe hannayen a kafaɗa, na karya hula, na ƙure gudun kujera a hanya saboda na makara. Na iso ana faɗin sadaki. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun cika, takalma jibge a baya. A bayan takalman na tsaya. Ban kashe ba, domin fatiha ba ta ɗaukar lokaci, kuma ba a kashe mota a danja.

Liman ya ce fatiha. Na ɗaga hannu, na rufe ido. Ashe ina ɗagawa naɗin hannun dama ya zame daga kafaɗa, ya sauko da duk nauyin sitacinsa, ya rataya a kan sandar, ya danne ta gaba.

Kujerar nan ba ta da ƙara, wannan shi ne sharrinta. Abin da na fara ji shi ne ɗan girgiza, tum, tum, tum, na ce ko wani yaro ne ke bugun tayar. Takalman bayin Allah nake hawa. Da na shafa na buɗe ido, sai na ga bayan mutane na matso ni. Na fizgi hannun rigar, shi kuma ya ja sandar hagu, kujera ta fara juyi da ni a gefen tabarma. Na kai yatsa zan kashe, na danna hon, domin wanda ya ƙera abin ya ga dama ya ajiye maɓallan kusa da juna. Ɗiiit. Sahun baya ya watse. Wani dattijo da ake tayarwa da hannu biyu in zai miƙe, ranar shi ya riga kowa. Tiren goro da alewa ya kife, yara suka yi masa ca. Maroƙin da ya cika baki da "An ɗaura! Alƙawari ya cika!" bai ƙarasa ba, sai ganinsa aka yi a kan benci, ya tattare riga yana cewa, "Alhaji, ni ban ce da kai komai ba!"

Nan ne Allah ya kawo mai taimako. Wani matashi, daga ganin idonsa ɗan acaba ne, ya duƙa ya bi ni a guje, ya kai hannu ya ture ƙarafan nan masu jan kai, ya ɗago yana murna: "Baba, na sa ta a firi!"

Amfanin ƙarafan shi ne a raba moto da taya don a iya tura kujera da hannu in batir ya mutu. Amma ana ture su birki ma ya tafi. Mu kuwa a lokacin juyi ya kai mu daidai kan gangarar simintin da ta sauko daga ƙofar gida ta haye kwata zuwa titi. Masana gini sun ce gangarar da aka yi don kujera, in tsayinta taku 1 ne, tsawonta ya kai taku 12. Tun Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, aka ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda irinmu za mu shiga. Dokar ba ta ƙofar gidan amini na take magana ba, gaskiya. Tasa birkila ya zuba ta ne don a riƙa tura babur cikin zaure, irin wadda za ka gani a gaban shaguna da yawa a garin nan, gajera, a miƙe.

Sai na tafi da baya. Ina murza sanda ba ta san ina yi ba. Ina kallon ɗaurin aure yana nisa da ni, ango da abokansa sun saki baki, har na tsallake kwata na ratsa layin, tulin yashin maƙwabci ya karɓe ni. 'Yan ƙananan tayoyin nan biyu na can baya, waɗanda na taɓa cewa a cire min don suna kama dakali, su suka hana ni kifewa ta ƙeya. Bel ɗin uwargida ya riƙe ni daram. Hula ce kawai ta ci gaba da tafiya.

Kafin in gama salati an kewaye ni, kowa ya zama bakanike. Fitilun kan hannun kujera na ta ƙyaftawa, ta ƙi motsi. Wani direba ya ce batir ne, har ya buɗe motarsa ya ciro nasa da wayoyi. Na ce Malam, naka 12 ne, nawa 24, kuma a cike yake. Ya ce ai wuta wuta ce. Wani ya ce moto ne ya yi zafi, a kawo buta. Na rungume sandar da hannu biyu na ce duk wanda ya zuba ruwa a nan shi zai kira Abuja ya yi bayani. Wani tsoho ya matso a hankali ya ce shi dai tun da ya ga abin yana tafiya ba kowa na taɓa shi ya san ba lafiya ba, a bari ya yi tofi. Na ce ya yi, ba ya ɓata komai, amma don Allah a mayar min da ƙarafan nan inda suke.

Aka mayar da ɗaya. Ta ƙi. Direba ya sake ɗago batirinsa. Sai wani ɗan almajiri ya kwanta a yashi ya leƙa ya ce, "Ga wani ma." Ya tura shi. Na kashe, na tattare hannun rigar na cusa a hammata, na tabbatar ba abin da ke taɓa sandar, don in ka kunna tana danne ba ta yarda ta tashi, sannan na kunna. Na ɗan taɓa, na ji ƙas. Tsoho ya ce, "Ka gani ko?"

Har gobe ina kan bakana, laifin tela ne. Babu dalilin da zai sa a yi wa mutumin da ke zaune hannun riga irin wannan.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, wai har da bidiyo a zauren matan unguwa. Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta ɗauko reza ta tsuguna gaban ƙananan tayoyin gaba, inda ta saba ciro zare da gashi da leda duk mako don kada su cije, ta yanko igiyar takalmi mai tsawo. Ta goge ƙura da ɗanyen tsumma, ta matsa tayoyin baya ta ce gobe in biya wurin mai faci. Sai ta zura hannu ƙarƙashin akwatin batir ta zaro silifa ɗaya, ƙafar hagu, sabuwa fil, ta ajiye min a cinya. Har yau ba a zo nema ba.

Babbar rigar tana ƙasan akwatinta, ta ce sai ranar da za a tura ni da hannu. Kaftani nake sawa yanzu. Jiya aka kawo min katin auren ƙanwar amaryar, wanda ya kawo ya ce maroƙi na gaishe ni, kuma yana tambaya ta wane ɓangare zan zauna.