Ƙuri'ar Da Ta Fi Kusa Da Mu Ita Muka Yasar

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau dai na ce bari in amayar da ita.

Ni ɗan wani ƙaramin gari ne a ƙasar Daura, irin garin da kowa ya san kakan kowa. Rumfar zaɓenmu tana cikin makarantar firamare, a gindin wata bishiyar bedi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 tun bayan sallar asuba aka kafa layi, na mata ma har ya zagaya bayan aji, wasu da goyo, wasu da ƙwaryar fura a hannu. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 2025, na je rumfar nan da hantsi, na tarar da ma'aikata da wakilan jam'iyya sun fi masu jefa ƙuri'a yawa. A hanyar komawa na iske kawuna a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Na ce, "Kawu, ba ku fita ba?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, wanda za a ba ai an riga an ba shi."

Wannan amsa ta fi zafi a kan duk wani sharhi da na ji a rediyo.

Ana yawan yi mana gori cewa mutanen karkara ba su san zaɓe ba, wai sak kawai muka iya, ko kuma taliya da atamfa ke juya mu. Ban musa ana raba taliya ba, na gani da idona. Amma a duba tarihi. A 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, an zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, alhali NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokoki. A 2011 Katsinawa suka ba marigayi Buhari ƙuri'arsu a CPC, suka juyo zaɓen gwamna Ibrahim Shema na PDP ya koma kujerarsa. A 2023 Atiku ne ya ci jihar nan da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, ga ɗan Daura a kan mulki, lokacin mutane na kwana a layin banki saboda canjin kuɗi. Mako uku bayan nan kuma Dikko Radda na APC ya ci gwamna da rata mai faɗi. Mutanen da suka iya raba ƙuri'a haka, kowa da kasonsa, ba za a ce da su ba su san abin da suke yi ba.

To, me ya sa da an sauko kan ciyaman da kansila sai labari ya canza? A 2014 PDP ta kwashe ƙananan hukumomi 34 kaf. A 2025 APC ta kwashe 34 ɗin, da kujerun kansiloli 361. Ba a Katsina kaɗai ake ganin haka ba, kusan kowace jiha jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ke share fage. Ni ba na zargin kowa da abin da ban gani ba. Abin da na sani shi ne, a garinmu zaɓen kansila ba a ranar zaɓe ake yin sa ba. Ana gama shi ne tun ranar da manya suka shiga ɗaki suka fito suka ce an yi maslaha. Wanda aka ɗauko ya san wanda ya ɗauko shi, don haka can zai riƙa kai gaisuwa. Mu kuma da muka ga haka sai muka naɗe hannu, naɗe hannun namu ya ƙara ba su dama. Laifin nan rabi namu ne, kuma ina cikin masu shi.

Abin takaicin, duk abin da ke damun talaka a kullum yana hannun wannan matakin ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a harkar firamare da ƙananan asibitoci. Shugaban ƙasa ba zai zo ya yashe kwalbatin unguwarku ba. Sanata bai san famfonku ya lalace ba.

Namu famfon tuƙa-tuƙa ya yi rani guda a mace. Yara ke tafiya unguwar gaba da jarkoki kafin su wuce makaranta, su isa aji an ci rabin darasi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da ba ta da mai yi mata ɗiba, sai dai ta jira mai kura, ran da ba ta da kuɗi ta yi ta tattalin rabin tulu. Mun je wajen wanda ya kamata har sau uku, kullum amsa ɗaya: "Ku yi haƙuri, ana jiran sama." Daga ƙarshe karo-karo muka yi bayan sallar Juma'a, muka kira mai gyara. Ashe wasu robobi ne suka cinye a ciki, kafin la'asar ruwa ya zo.

Wannan "ana jiran sama" yana da tushe. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma ta haramta naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Tun a 2021 ma kotun ta ce rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin Katsina da aka yi a 2015 ya saɓa wa doka. Na yi murna da hukuncin nan ƙwarai. Sai dai ina tsoron abu guda: idan kuɗi suka sauko kai tsaye hannun mutumin da ba mu muka zaɓe shi ba, kuma ba ya jin nauyinmu, to an dai canza wa tuwo suna ne.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu na Daura, Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, mu rage ɓata dare kan musun wanda zai hau kujerar Abuja. Mu shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, mu yanki kati, mu halarci taron zaɓen shugabanninta, don a nan ake ƙulla komai. In an ce maslaha, mu tambaya da wa aka yi ta. Kansilanka ɗan unguwarku ne, tare kuke sahu a masallaci, ba rashin kunya ba ne ka tsayar da shi cikin ladabi ka ce, "Yallaɓai, me aka yi wa mazaɓarmu a wannan watan?" Iyayenmu mata su ma, da su ne suka fi cika layi, a daina tuna su sai ranar rabon sabulu.

Na koma wa kawu da wannan magana makon jiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce katinsa na nan cikin akwati bai ɓata ba. Ya ce duk ranar da aka fito fili aka yi ƙato bayan ƙato wajen fidda ɗan takarar kansila, in zo in ɗauke shi a babur, shi zai fara shiga layi.