Wata biyu ina zargin kwamfutar da ba ta yi laifi ba

Ina da ɗan shago a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, inda nake buga takardu, kuma nake duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawar WAEC da NECO. Jarin shagon gaba ɗaya wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da na saya ta hannu a Kano, mai ɗauke da Windows 7, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun watan Janairun 2020, ni kuwa har yanzu ban daina ba. Da yake sabis ba ya shiga cikin shagon sosai, sai na ɗora rauta, wato 'yar na'urar da ke kamo intanet ta rarraba, a kan wata taga mai tsayi a ɗakin ajiya na baya, na jawo kebul mai tsawon mita goma sha biyar zuwa bayan kwamfutar, domin ita ba ta san wani abu wai shi wayifai ba.

A daidai lokacin da sakamako ya fito, shago ya cika maƙil da ɗalibai da iyayensu, intanet ɗin ya koma tafiyar hawainiya. Shafi guda sai ya ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala, ya yi nafila, ya dawo ya tarar da ɗan da'irar nan tana ta juyawa. Wani dattijo da ya rako jikarsa ya gaji da zama a kan benci, ya ce da ni, "Malam, da na hau jakina na tafi Dutse, da yanzu na karɓo takardar da hannu."

Da farko kamfanin layin na ɗora wa laifi, na yi ta mita a majalisa har aka fara gudun zama kusa da ni. Abin da ya toshe mini baki shi ne wayar hannuna, wadda ke jan bidiyo ba gargada daga wannan rautar da nake zagi. Sai na juya kan kwamfutar. Na kwance murfinta, na tarar da ƙurar hunturu uku ta yi wa fankar ciki rawani, na hure ta da famfon keke har na yi kwana biyu ina atishawa. Na goge duk wata manhajar da ban gane amfaninta ba, ciki har da wadda ke sa firinta aiki, abin da ban gano ba sai washegari. Daga bisani na hau mota zuwa Kano na sayo ƙarin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, na mayar da gigabait biyu ya zama huɗu. Kwamfutar ta riƙa tashi da kuzari kamar an ba ta fura, amma intanet yana nan inda na bar shi.

Ana cikin haka ɗan wana da ke karatun kwamfuta a birni ya zo hutu. Bai ɗauki sukuddireba ba, bai hura komai ba. Ya buɗe wurin da ke nuna yanayin haɗin kebul kawai, ya nuna mini lamba 10 da yatsa. Ya ce, "Baffa, katin sadarwar wannan kwamfutar yana iya ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, amma ga shi ya sauko zuwa 10." Ya bayyana mini cewa a cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas da aka murɗa biyu-biyu, kuma huɗu daga cikinsu ne ke ɗaukar saƙo a irin wannan tsohon kati. Idan ɗaya ta ji rauni, kwamfuta da rauta sukan sasanta a kan gudu mafi ƙanƙanta, sannan saƙon da ya lalace a hanya sai an sake aiko shi, shi ya sa ko goman ma ba na samu.

Nan take na yanke hukuncin cewa ɓera ne, na kuma fara lissafin kuɗin tarko. Muka bi kebul ɗin taku-taku, yana gaba da tocila ina biye ina tsine wa ɓeraye, har muka iso saman ƙofar ɗakin ajiya. A nan ya tsaya, ya haska, ya yi shiru irin na yaron da ya ga abin dariya a gaban babba. Ƙusa ce mai inci uku, an kafa ta a tsakiyar kebul ɗin cif, an kuma lanƙwasa kanta da kyau don kada ya motsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, to ni nawa da guduma na kafa shi, ranar da kebul ɗin ya zazzago ya fizge mini hula a gaban kwastomomi.

Ya tambaye ni cikin ladabi, "Baffa, ko kafinta aka kira ya yi wannan aikin?" Na amsa da cewa ba na tuna sunansa.

Ya yanke wurin da ya lalace, ya matse sabon kai da wata 'yar filaya da ya zo da ita, muka matso da tebur kusa da ƙofa saboda kebul ɗin ya gajarce, sai ga lamba 100 ta bayyana. Na nemi ya ƙara ta zuwa 1000 tunda ya iya, ya ce wannan sai an sauya kati, kuma ko an sauya ba zan ga bambanci ba, domin abin da sabis ɗin ƙauyenmu ke kawowa bai kai ɗarin ba ma. Guntun da aka yanke yana hannun maƙwabcina mai shayi, ya ɗaure murfin tukunyarsa da shi. Dattijon nan kuma ya dawo ran kasuwa, ya karɓi sakamakon jikarsa tun kafin ya gama gaisawa, sannan ya ce tunda aikin bai ɗauki lokaci ba, sai in rage masa kuɗi.