Mai ciwon suga, rashin ciwon ƙirji ba shi ne lafiyar zuciya ba

Jama'ar Zamfara, abin yana damuna: mai ciwon suga na haki daga gida zuwa masallaci, ana cewa tsufa ne ko zafin bazara, alhali zuciyarsa ce ke gazawa.

Wanda kitse ya cushe wa manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciya, dama jini ba ya isarta. Idan suga ya shigo, sai ɓarnar ta ninku. Yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke cikin naman zuciyar kansa, waɗanda ko aiki aka yi aka buɗe manyan, ba a kaiwa gare su. Yana sa naman ya yi tauri kamar ƙirgi, ta yadda zuciya za ta matsa amma ba ta saki sosai ta cika da jini ba. Daga nan ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, kwanciya ta gagara sai an tara matasai. Ga shi zuciyar mai suga ta fi dogara da ƙona kitse, kitse kuwa ya fi cin oksijin ɗin da dama ya yi ƙaranci.

Abin da ya fi ban tsoro, suga na kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Jijiyar jini kan toshe, wani sashen naman zuciya ya mutu, ƙirji shiru. Sai gumi, tashin zuciya da zafi a ƙahon zuci. A ce olsa ce, a nufi kemis. Naman da ya mutu kuwa tabo yake zama, ba ya dawowa.

Saboda haka awon suga na yatsa bai wadatar ba. A je Asibitin Tarayya na Gusau a nemi ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, da hoton zuciya. A yi HbA1c, awon jini mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, duk wata uku zuwa shida, ga yawancin mutane a nemi ƙasa da kashi 7. Hawan jini ƙasa da 130/80. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin.

Maganin rage kitsen jini ba a barinsa don an ji sauƙi. A tambayi likita batun magungunan suga empagliflozin ko dapagliflozin, suna rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Magungunan ciwon jiki diclofenac da ibuprofen kuwa, don Allah a bar saya wa iyayenmu su barkatai, ruwa suke tara musu a jiki. Wanda nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ranar zai tafi asibiti, ba sai ranar da aka rubuta masa a kati ba.