Wa ya hana mu cin abincin rana a Kaduna?

Da zarar Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Ramadan, mu da ba ma azumi amma muke neman na kanmu a arewacin garin Kaduna sai mu ɗaura ɗamarar wuni da yunwa. Kuɗin saye muna da shi, wurin sayen ne babu. Daga Kawo zuwa Tudun Wada, daga Fanteka zuwa bakin Kasuwar Gumi, rumfunan da muka saba zama a zuba mana shinkafa da wake ko tuwo da miyar kuka duk an kife bencinansu an ɗaure tamfol, sai la'asar sakaliya hayaƙin ƙosai ya fara tashi. Ni bakanike ne, Kirista, a Sabon Tasha nake kwana, garejinmu kuwa yana ƙetaren kogi. A ƙarƙashin mota muke wuni, ga shi shekarun nan azumi na faɗowa ne wajajen watan Maris, lokacin da ƙarfe ma ba ya taɓuwa da tsakar rana.

Hajiyar da ke azumi ta ga ba za ta iya tsayuwa gaban murhu tun safe ba, ko ta ga cinikin rana ba zai mayar mata da kuɗin gawayi ba, ta rufe, wannan haƙƙinta ne, ba ni da ta cewa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne waɗanda suke so su buɗe ake tsorata su.

Akwai wata baiwar Allah da ke sayar mana da abinci a lungun bayan gareji, mijinta ya rasu, da tukunyar nan take biya wa yara kuɗin makaranta. Don girmama masu azumi ta ɗinke buhunan shinkafa ta yi labule, ko daga bakin titi ba ka hango cokali. Muna zaune sai ga wasu samari, babbansu bai fi ƙanen bayana ba.

"Mama, ba ki san wata ya kama ba ne?"

"'Ya'yana, na sani, shi ya sa na sa labule. Waɗannan ba masu azumi ba ne."

"To ki kwashe kafin mu dawo."

Ba su da takarda, ba su da kaki, ba wanda ya aiko su. Hannunta na rawa ta rufe kula, ta juye sauran miyar a leda ta miƙa mana kyauta, washegari ba ta fito ba. Wata guda cur ba ciniki. Wa zai biya mata wannan asarar? Mu kuma ƙarti muna zaune ba wanda ya ce uffan, domin kowa ya san a garin nan ƙaramar magana kan addini ba a san inda za ta tsaya ba.

Wanda ya san dokar da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta yi cewa a rufe gidan abinci da rana a watan azumi, don Allah ya fito da ita mu gani. Tsarin shari'ar da aka kawo a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, bayan jinin da aka zubar a 2000, an yi shi ne a kan cewa kotun Musulunci ta Musulmi ce, ba ta hau kan kowa da kowa ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addininsa. Ko a Kano da Hisbah ke zagaya kasuwanni tana kama masu ci da rana, da bakinsu suka faɗa a 2024 cewa ba sa kama wanda ba Musulmi ba don ya ci abincinsa. To a Kaduna wa ya naɗa yaran unguwa alƙalai?

Kuma yunwar nan ba Kirista kaɗai take ci ba. Maigidana Alhaji ne, ciwon suga gare shi, likita ya hana shi azumi, ciyarwa yake yi. Shi da kansa ya karanta mini ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara, inda aka ɗauke wa marar lafiya da matafiyi su rama daga baya. Dattijo mai furfura, a cikin motar kwastoma yake kulle kansa ya haɗiyi magani da ruwan leda kamar wanda ya yi sata. Je ka tashar Kawo ka ga mai goyo da ta taso tun asuba, yaro na kuka, ba inda za ta sayi abin da zai kawo mata ruwan nono. Addinin da ake cewa ana karewa ya ba su uzuri, 'yan sa-ido ne suka hana.

Wasu za su ce ku riƙa zuwa da abinci daga gida. Ana yi. Amma wanda ya bar gida gari bai gama wayewa ba, waken da aka dafa masa da dare kafin azahar ya yi tsami a wannan zafin, ba wutar da za a sa a firji. A hau keke a ƙetara Barnawa ko Kakuri a ci a dawo? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa sai ya lashe abin da yaron gareji ya samu a wunin.

Mu ma mun san mutunci. Ba wanda ya tashi a Kaduna da zai tsaya gaban mai azumi yana lasar miya, iyayenmu ba su koya mana haka ba. Kunun buɗa-baki na maƙwabta mun sha shi tun muna yara. Fasto Yohanna Buru a Sabon Tasha ya shekara da shekaru yana raba wa Musulmi mabuƙata hatsi a watan azumi. A 2025 azuminmu na kwana 40 ya haɗu da Ramadan, 'yan Katolika ba sa cin nama ran Juma'a, amma ban ga wanda ya je ya ce wa mai tsire a Narayi ya kashe wutarsa ba. Rikicin 2000 da na 2002 sun riga sun raba mu, wasu suka tattara suka yi kudu, wasu suka yi arewa. Kasuwa da gareji ne suka rage mana wurin haɗuwa, nan ɗin ma kuma ana nuna mana cewa na wata guda mu baƙi ne.

Malamanmu masu tafsiri, a Masallacin Sultan Bello da sauran masallatai, jama'a na jin maganarku fiye da ta gwamnati. Ku faɗa wa samarin nan a lasifika cewa korar mai abinci ba ya cikin ladan azumi. Shugabannin kasuwa da na tasha da masu unguwanni kuma, harajin rumfa kuna karɓa har a watan azumi. Ku ware lungu guda a kowace kasuwa, a sa labule, mai son dafawa ta dafa, kuma ranar da yaran nan suka dawo ku fito ku tsaya mata.