Kwanar farko ce ke korar mutane daga tseren mota na intanet

Duk wanda ya daɗe yana buga gem ɗin tseren mota irin wanda ake kwaikwayon tuƙin gaske a cikinsa, kamar Assetto Corsa Competizione ko Gran Turismo, ya san yadda abin ke tafiya. Sabon gem ya fito, makonnin farko ɗakunan tsere na intanet cike suke maƙil, sai ka yi ta neman gurbi. Bayan 'yan watanni ka leƙa da daddare, ka tarar da dogon jerin ɗakuna, wannan mutum biyu, wancan mutum ɗaya yana ta zagaye shi kaɗai, sauran wayam. Kuma mutanen nan ba su jingine sitiyarinsu ba. Da yawansu suna nan suna tuƙi, sai dai sun koma tsere da motocin da kwamfuta ke ja, ko suna fafatawa da agogo. 'Yan'uwansu mutane suka guje wa.

Abin yana damuna, domin a duniyar gem ban san wani daɗi da ya kai ka yi zagaye goma kana manne da bayan motar wani ba, kana karantar inda yake taka birki, kana jiran ranar da zai zame. A ganina kamfanonin sun zuba ƙarfinsu a kan yadda taya ke kama kwalta, da yadda ruwan sama ke kwanciya a titi, da ƙarar inji, sun yi sakaci da abin da ke sa mutum ya dawo gobe, wato ya yarda cewa wanda ke bayansa zai taka birki a inda ya dace.

Da gem ɗin ƙwallon ƙafa na taso, kamar yawancin sa'o'ina. Sai da zama ya kawo ni Turai na sayi sitiyari da feda na shiga tsere ka'in da na'in, shi ya sa nake yawan auna su biyun. A ƙwallo ku biyu ne, cikin kwata ɗaya na awa an gama, ko ka ci, ko a ci ka, ko canjaras. In an zura maka a minti na farko, wasa na nan gabanka, kana iya ramawa. Abokin karawa mai mugun hali zai iya ɓata maka rai, amma ba shi da yadda zai yi ya karya maka 'yan wasa goma sha ɗaya lokaci guda. A tsere kuwa ku ashirin ne, mutum ɗaya ne zai zo na farko, kuma kowane ɗaya daga cikin sauran goma sha taran yana da ikon kashe maka daren gaba ɗaya da kuskuren daƙiƙa ɗaya.

Mu ɗauki Monza ta Italiya, filin da ya fi kowanne cika a buɗaɗɗun ɗakunan Competizione. Ka kwashe maraice da dama kana koyon filin, ka daidaita iskar taya, ka auna man da zai kai ka, ka yi zagayen neman gurbi har ka samu layi mai kyau. An kunna koren fitila. Motoci sun taso a miƙaƙƙen titi, gudu ya haura kilomita 200 a awa, a gaba kuma ga matsattsiyar kwana, dama sannan hagu, wadda sai an sauko giya ta ɗaya ko ta biyu ake shigarta. Tayoyi ba su ɗau zafi ba, tanki cike da mai. Wani can a baya ya taka birki daidai allon da ya saba takawa lokacin da yake atisaye shi kaɗai, bai lissafa cewa motocin gabansa sun riga sun taru sun rage gudu ba. Ya daki ta gabansa, ita kuma ta daki taka. Sitiyari ya fizge a hannunka, motarka ta juya tana kallon inda ta fito. Ka lallaɓa zuwa wurin gyara da karkataccen gaba, ka fito ka tarar an ba ka rabin zagaye. Saura minti ashirin, ba kowa gabanka, ba kowa bayanka. Yawancin mutane a nan suke danna fita. Kuma duk wanda ya fita ya rage wa na ciki abokin tsere, har ɗakin da aka fara da ashirin ya ƙare da bakwai.

Ba sababbin shiga kaɗai zuciya ke ɗiba ba. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filaye aka koma tsere a gem ɗin intanet mai suna iRacing ana nunawa a talabijin, Bubba Wallace, direba a gasar tseren mota ta Amurka da ake kira NASCAR, ya yi karo da wani direban, ya fice daga tseren a tsakiya, har wani kamfani mai ɗaukar nauyinsa ya janye. In ƙwararren da ake kallo kai tsaye ya kasa daurewa, me za a ce da wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana da awa ɗaya tak?

Akwai masu dukan mota da gangan, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Amma mafi yawan haɗurran nan rashin sani ne. A filin gaske ba a ba ka mota sai kana da lasisin tsere, ga tsoron karaya, ga kuɗin gyara da zai hau kanka. A gem babu ko ɗaya. Gem yana koya maka yadda za ka yi gudu kai kaɗai, da wuya ka ga wanda ke koya maka yadda ake shiga kwana mota biyu kafaɗa da kafaɗa, ko yadda ake komawa kan titi bayan an zame ba tare da an tare wa masu zuwa hanya ba.

iRacing, wanda ya fito a 2008, shi ya fara ɗaukar wannan matsala da muhimmanci. Da sunanka na gaskiya kake tsere. Kowa yana farawa daga ajin 'yan koyo, sai ya nuna tuƙi mai tsabta zai hau D, C, B har A. Kowane kuskure da makinsa: fita daga titi maki ɗaya, juyewar mota biyu, karo mai ƙarfi da wata mota huɗu. Akwai wani ma'aunin daban na ƙwarewa da ake raba mutane da shi, don kowa ya faɗa cikin tsararrakinsa. Ana kuma iya kai ƙarar wanda ya yi ganganci, mutane su duba. A cikin duk waɗanda na buga, nan ne na ga an fi jin nauyin juna. Sai dai kuɗin shiga ƙofar ba kaɗan ba ne: kana biya duk wata, sannan yawancin motoci da filaye sai ka saye su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin makin kuma ba ya tambayar wa ke da laifi. An dake ka daga baya, kai da wanda ya dake ka kowa ya kwashi huɗu. Na fahimci hikimar, ana so ka koyi kauce wa haɗari ko da ba kai ka jawo shi ba, amma ranar da ta faɗa kanka da ciwo. Daga nan wani sabon ciwon ke tasowa, mutum ya fara tsoron makinsa fiye da son tseren. Za ka ga wasu suna tashi daga wurin gyara da gangan don kada su shiga cunkoson kwanar farko, wasu kuma su yi ta atisaye mako guda su kasa danna rajista.

Gran Turismo Sport ya kawo irin wannan tsari ga masu PlayStation a 2017, da ma'aunin gudu da ma'aunin ladabi, har sai ka kalli bidiyon ƙa'idojin tsere kafin a bar ka ka shiga. Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne taƙaita zaɓi: tsere uku kawai a jere, A, B da C, kowa ya zo nan. Rauninsu alƙalin ne. Kwamfuta ce ke yanke hukunci nan take, kuma sau da yawa wanda aka tura waje shi ake ci tara. Ban ga laifin masu rubuta manhajar sosai ba. Tambayar wa ke da haƙƙin kwana tambaya ce da alƙalan Formula 1, da kyamarorinsu da bayanan motocin duka a gabansu, suke saɓani a kai har gobe.

Maganar taƙaita zaɓi ta cancanci a tsaya a kanta. Filin ƙwallo ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya. A tsere akwai ajin mota, akwai fili, akwai tsawon tsere, akwai yanayi, ga masu kwamfuta daban, masu na'urar gem daban, masu sitiyari da masu hannun gem. Duk sabon filin da kamfani ya fitar don sayarwa yana ƙara yanka jama'ar gida biyu, waɗanda suka saya da waɗanda ba su saya ba. Mai buɗe ɗaki yana son ya cika, sai ya zaɓi filin da kowa ke da shi kuma ya sani. Shi ya sa Monza da Spa ta Beljiyam suke cin kasuwa dare da rana, kyawawan filaye da dama suna zaune ba mai leƙa su. Wanda ya gaji da Monza ya buɗe ɗaki a wani filin, ya zauna shi kaɗai, mai wucewa ya ga mutum ɗaya ya wuce. Ɗakin da ba kowa, ba mai son zama na biyu a cikinsa.

Sai nisa, wanda zaman waje ya nuna mini ƙarara. Motar da ke gudun kilomita 250 a awa tana cin kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya. Jinkirin saƙo na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya kai mita bakwai ke nan, ya fi tsawon motar kanta. Gem ɗin yana cike giɓin da hasashe, yana zana motar abokin tserenka a inda yake zaton take. In hasashen ya kuskure, sai a yi karo tsakanin motocin da a allon ɗayansu ko gogar juna ba su yi ba. Manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa sun fi yawa a Turai da Amurka. Daga Afirka ta Yamma, mai shiga ɗakin Turai shi ne motar da ke ɓacewa tana bayyana, ana zarginsa da abin da bai yi ba, wasu ɗakunan ma suna korar mai jinkiri da kansu. A nan inda nake, ba don hannuna ko ƙafata sun fi nasa ba, sai ga motata tsaye daram a allon kowa. Nakan tuna samari masu hannu da na sani waɗanda ba za su taɓa samun adalcin nuna gwanintarsu ba saboda tsawon waya a ƙarƙashin teku. Ko a manyan gasa matsalar ba ta ƙyale kowa ba: a Janairun 2023 zakaran Formula 1 na lokacin, Max Verstappen, yana kan gaba a tseren Le Mans na intanet na awa 24 sadarwa ta katse masa, ya janye cikin fushi.

Kamfanonin su ma suna rushe abin da aka gina. An kashe wasan intanet na Driveclub a 2020, na Gran Turismo Sport a Janairun 2024, an cire Project CARS na ɗaya da na biyu daga kasuwa a 2022 saboda lasisin motoci da filaye ya ƙare. Gem ɗin Formula 1 kuwa an daɗe ana fitar da sabo duk shekara, duk shekara jama'a su rabu.

Inda na ga mutane suna zama shekara da shekaru shi ne lig. Mutum talatin ko arba'in, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, fuskoki ɗaya. Akwai alƙalai 'yan Adam da ke duba bidiyo bayan tsere. Wanda ya dake ka yakan rage gudu ya jira ka wuce, bayan an gama ya same ka a manhajar hira ta Discord ya ce ka yi haƙuri, domin ya san mako mai zuwa za ku sake haɗuwa a layi ɗaya. Ka san wane yana jinkirin birki, wane ba ya son a matsa masa, wane taya ke ƙare masa a ƙarshe. A nan na goma sha huɗu ma matsayi ne da ake gumi a kansa, saboda akwai teburin maki, kuma akwai mutumin da kuke ta kai da kawo tun farkon kaka. Ko an juyar da kai a kwanar farko ba ka fita, don maki biyu na iya raba ku a ƙarshe. Abin lura, 'yan wasa ne da kansu suke gina yawancin wannan. Dandalin intanet na Low Fuel Motorsport, wanda ya ba Competizione tsere mai jadawali da ma'auni, daga wajen kamfanin ya fito.

To sabon shiga fa? Ya sayi gem, ya danna maɓallin intanet, aka jefa shi buɗaɗɗen ɗaki a Monza. Bai san akwai lig ba, ba kuma abin da zai nuna masa hanya. An dake shi sau uku, shi ma ya daki wasu an zazzage shi, ya rufe. Da ni ake tambaya, da na ce a rage ɗakuna, a sa tsere kaɗan a kan jadawali, a koya wa mutum tuƙi cikin cunkoso kafin a sake shi, a saka wa wanda ya kai ƙarshen tsere ko da shi ne na baya, sannan a shigo da lig cikin gem ɗin kansa yadda mutum zai same shi ba sai ya yi cigiya ba.

Lokaci kuma ba ya jiran kamfanonin. A 2023 Sony ta fara saka direbanta mai ƙirƙirarriyar basira, GT Sophy, cikin Gran Turismo 7, kuma an horar da shi har a kan ladabin tsere, ya kare kwana, ya bar maka wuri. Yana nan kowane lokaci, ba jinkirin sadarwa, in yaro ya yi kuka ka dakatar da wasa ka dawo. Mai awa ɗaya bayan aiki zai auna wannan da buɗaɗɗen ɗakin Monza, kuma ina tsoron na san wanda zai zaɓa.